Sinadaran Tsirrai da Girman Tsoka: Daga Faranti zuwa Ɓera, Daga Ɓera zuwa Mutum

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa jinyar tsoho ya san yadda jiki ke zubewa a kan gado. Mutum ya kwanta da ƙafafunsa a cike, bayan mako biyu sai a ga cinyoyinsa sun motse, ko tashi daga tabarma ba ya iyawa sai an kama shi. An auna wannan al'amari a Amurka, aka kuma buga sakamakon a shekarar 2007. An sami waɗansu tsofaffi masu lafiya, ƴan shekara wajen 67, suka yarda su kwanta kwana 10 ba tare da yawo ba. Da aka auna su bayan kwanakin, sai aka tarar, a matsakaicin lissafi, kowane ya yi asarar kusan kilo guda na naman ƙafafu. Ba su da ciwon komai, ana kuma ba su abinci isasshe. Kwanciyar kawai ce ta cinye su.

Ko babu kwanciya, shekaru na yin nasu aikin. Daga shekara 30 da haihuwa, tsokar mutum tana raguwa da kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara goma, kuma raguwar tana ƙara sauri bayan shekara 60. A 1989 wani likita Ba'amurke, Irwin Rosenberg, ya raɗa wa wannan hali suna sarkopeniya. Ya haɗa kalmomin Girkanci biyu ne: sarx, wato nama, da penia, wato talauci. Ke nan ma'anar sunan ita ce talaucin nama. Wanda ya kamu da shi yakan yi saurin faɗuwa, ya karye, ya koma hannun ƴaƴa da jikoki. Har yau babu wani magani da hukumomin magunguna suka amince da shi domin wannan hali, shi ya sa masu bincike suka duƙufa neman sa ta kowace fuska, har cikin tsirrai.

Wannan takarda za ta yi bayanin yadda ƙwayar tsoka take girma, da yadda waɗansu sinadarai na tsirrai suke taɓa wannan girma, sannan ta nuna inda binciken ya tsaya idan aka zo kan ɗan Adam.

2.0 Tsoka da ƙwayoyinta

A bakin mahauci, tsoka ita ce nama zalla, babu ƙashi babu kitse. A ilimin jiki ma'anar ba ta yi nisa da wannan ba. Tsoka iri uku ce: akwai ta zuciya, akwai ta hanji da hanyoyin jini, akwai kuma wadda ke manne da ƙasusuwa, wadda mutum ke motsawa da nufinsa. Wannan ta ukun ita ake magana a kai a nan. Jikin mutum yana da irinta fiye da 600, kuma ita ce kimanin kashi 40 cikin 100 na nauyin baligi. Sunanta a harsunan Turai da yawa ya fito ne daga kalmar Latinanci musculus, wato ƙaramin ɓera, domin in mutum ya tanƙwara hannu, ƙwanjinsa yakan motsa kamar ɓera a ƙarƙashin fata.

An gina jiki da waɗansu ƙananan abubuwa da ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Kowane ɗaya ana kiransa ƙwayar jiki. A tsakiyar ƙwayar akwai cibiya, a cikin cibiyar kuma akwai ƙwayoyin gado, waɗanda suke kamar rubutaccen umarni ne na yadda za a ƙera kowane furotin, wato sinadarin da ke gina jiki. Yawancin ƙwayoyin jiki cibiya guda gare su. Ƙwayar tsoka ta sha bamban. Doguwa ce kamar zare, kaurinta bai wuce na gashin kai ba, amma tsawonta yana iya kai santimita da dama, kuma tana da cibiya ɗaruruwa. Dalili shi ne, tun mutum yana cikin mahaifa, ƙananan ƙwayoyi masu yawa ne suka haɗe suka zama zare guda. Cikin zaren akwai furotin iri biyu, aktin da miyosin, waɗanda ke jan juna. Wannan ja shi ne ƙarfi.

Zaren tsoka na baligi ba ya rabuwa biyu ya hayayyafa. Idan aka ga damtsen maƙeri ko na ɗan kokawa ya cika, galibi zaruruwan da yake da su ne suka yi kauri, saboda an ƙara cusa aktin da miyosin a cikinsu. A 1961 wani masani a birnin New York, Alexander Mauro, yana duba tsokar kwaɗo, sai ya ga waɗansu ƙananan ƙwayoyi a kwance jikin kowane zare, kamar masu barci. Ana iya kiran su ƴan rakiya. Idan zare ya ji rauni ko ya sha aiki mai nauyi, ƴan rakiyar sukan farka su hayayyafa, su shige cikinsa, su ba shi sababbin cibiyoyi. Da tsufa, yawansu da kuzarinsu suna raguwa.

3.0 Gini da rushewa

Tsoka tana kama da katangar ƙasa. Damina tana zaizaye ta, mai gida yana yi mata yaɓe. In yaɓe ya fi zaizaya, katanga ta yi kauri. In zaizaya ta fi, wata rana ta faɗi. Haka jiki yake rushe tsohon furotin yana gina sabo dare da rana, kuma girman tsoka ya dogara ne ga wanda ya rinjaya tsakanin biyun.

A ɓangaren gini, saƙo yana zuwa ta jini. Sinadaran insulin da IGF-1 suna isowa bakin ƙwaya, su shiga wani gurbi na musamman kamar yadda mabuɗi ke shiga kwaɗon ƙofa. Daga nan saƙon ya bi hannu-hannu, ta wani furotin mai suna Akt, har ya isa ga mTOR, wanda shi ne kamar sarkin magina. Shi ke ba da izinin a fara ƙera furotin. Ban da wannan saƙo, mTOR yana jin abu biyu: isowar amino asid daga abinci, musamman wanda ake kira lusin, da kuma nauyin da aka ɗora wa tsoka.

A ɓangaren rushewa, a 2001 aka gano waɗansu furotin biyu, atrojin-1 da MuRF1. Aikinsu shi ne su yi wa furotin shaida domin a kwashe shi a daddatsa. Suna ƙaruwa lokacin yunwa, da doguwar kwanciya, da yankewar jijiyar da ke kai wa tsoka saƙo, da ciwon daji.

Akwai kuma birki. A 1997 Se-Jin Lee da Alexandra McPherron, na Jami'ar Johns Hopkins, suka gano miyostatin, furotin da tsoka ke fitarwa domin ta hana kanta wuce gona da iri. Ɓerayen da aka cire musu ƙwayar gadon wannan furotin sun yi tsoka ninki biyu zuwa uku. A shekarar ce kuma aka fahimci cewa wani irin shanu na ƙasar Beljiyam, masu nama curi-curi, birkinsu ne ya lalace tun daga gado. A 2004 likitoci a Balin suka ba da rahoton wani yaro da aka haifa da irin wannan hali, ƙwanjinsa a murɗe tun yana jariri.

Daga wannan bayani za a gane cewa duk sinadarin da zai ƙara tsoka, sai ya bi ɗaya daga cikin ƴan hanyoyi kaɗan: ya ƙarfafa gini, ko ya rage rushewa, ko ya sassauta birki, ko ya tashi ƴan rakiya, ko kuma ya gyara murhun da ke ba ƙwayar makamashi.

4.0 Me ya sa tsiro ke yin waɗannan sinadarai?

Tsiro ba ya gudu, ba ya cizo. Da sinadarai yake kare kansa daga ƙwari, da funfuna, da zafin rana, da dabbobi masu kiwo. Ɗacin maɗaci da yajin barkono duk makamai ne. Tsiro bai yi su domin amfanin mutum ba, amma da yake halittu sun yi tarayya a tsarin ƙwayoyinsu, wani lokaci sinadarin da aka yi domin ƙwaro yakan dace da wani gurbi a jikin mutum. Ta haka aka sami manyan magunguna. A 1820 Faransawa biyu, Pelletier da Caventou, suka ware kinin daga ɓawon wata itaciya ta Kudancin Amurka. A 1972 Tu Youyou ta ƙasar Sin da abokan aikinta suka ware atemisinin, wanda a kansa aka gina magungunan zazzaɓin cizon sauro na yau, aka kuma ba ta lambar Nobel a 2015. Saboda haka neman maganin tsoka a cikin tsirrai ba wasa ba ne. Abin tambaya shi ne yadda za a tabbatar.

5.0 Matakan gwaji uku

Mataki na farko shi ne faranti. A 1977 David Yaffe da Ora Saxel, na Cibiyar Weizmann a Isra'ila, suka ɗebi ƙwayoyi daga cinyar ɓera suka raya su a cikin ɗan faranti mai ruwan abinci. Jikokin waɗannan ƙwayoyi, waɗanda ake kira C2C12, su ne ake amfani da su a ɗakunan bincike na duniya har yanzu. Muddin ruwan yana da wadata, suna ta hayayyafa. Da an rage musu abinci, cikin ƴan kwanaki sai su jeru su haɗe su zama ƙananan zaruruwa. Mai bincike sai ya ɗiga sinadarin da yake gwadawa, ya auna kaurin zaren a madubi.

In yana son ya ga ko sinadarin na hana ramewa, sai ya fara ramar da zaruruwan da gangan. Abin da aka fi amfani da shi wajen wannan shi ne maganin nan deksametazon. Ya kamata a lura da wannan, domin a garuruwa da yawa na Afirka ta Yamma da Sudan akwai masu sayen wannan magani ba da izinin likita ba, suna sha don su yi ƙiba. Fuska da ciki sukan cika da kitse da ruwa, amma tsokar hannu da ƙafa tana narkewa. Ƙiba daban, tsoka daban.

Mataki na biyu shi ne dabba, galibi ɓera. A nan ana ganin abin da faranti ba ya nunawa: ko hanji ya tsotsi sinadarin, ko ya kai ga tsoka, ko ya yi wa hanta illa.

Mataki na uku shi ne mutum. Gwajin da ake yarda da shi shi ne wanda aka raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka ba waɗansu sinadarin, aka ba waɗansu ƙwaya mai kama da shi wadda babu komai a ciki, kuma da masu sha da masu awo babu wanda ya san wa ya sha me sai an gama. Sinadarai da yawa suna haye matakin farko, kaɗan suke haye na biyu, na uku kuwa nan gizo ke saƙar.

6.0 Ɓawon tuffa da ɗanyen tumatir

Misalin da ya fi shahara ya fito daga Jami'ar Ayowa a Amurka, daga ɗakin binciken Christopher Adams, a 2011. Ba su fara da tsiro ba, da mutane suka fara. Sun ɗebi ɗan guntun tsoka daga waɗanda suka yi awa 40 ba su ci abinci ba, da kuma waɗanda suka ji rauni a laka har ƙafafunsu suka shanye. Suka duba waɗanne ƙwayoyin gado ne suka tashi aiki, waɗanne ne suka yi shiru lokacin da tsoka ke ramewa. Wannan ya ba su abin da za a kira sawun rama. Sannan suka shiga wata taska ta kwamfuta da ke ɗauke da sawun sinadarai fiye da 1,300, suna neman wanda sawunsa ya zama kishiyar na rama: abin da rama ta tasa shi ya kwantar, abin da ta kwantar shi ya tasa. Sinadarin da ya fito shi ne asid ursolik.

Sunan ya samo asali daga kalmar Latinanci ursus, sunan wata babbar dabba ta ƙasashen sanyi, domin ana samun sinadarin a ganyen wani tsiro da ake kira inabin wannan dabba. Yana cikin kakin da ke sa ɓawon tuffa ƙyalli, yana kuma cikin ganyaye masu ƙanshi dangin ɗoɗɗoya.

Da aka ba ɓerayen da aka hana abinci, da waɗanda aka yanke musu jijiyar ƙafa, ramarsu ta ragu, atrojin-1 da MuRF1 suka yi ƙasa. Ɓeraye masu lafiya da suka ci shi mako 5 kuwa, zaruruwansu suka yi kauri, riƙonsu ya ƙara ƙarfi, kitsensu ya ragu. A faranti aka ga yadda abin yake: asid ursolik shi kaɗai ba ya buɗe ƙofa, amma in IGF-1 ko insulin na nan, yakan sa ƙwayar ta ƙara jin saƙonsu.

A 2014 masu binciken suka sake bin wannan hanya suka gano tomatidin. Ɗanyen tumatir da ganyensa suna ɗauke da wani sinadari mai ɗaci, tomatin, wanda ke kare su daga funfuna da ƙwari, yana kuma gushewa in tumatir ya nuna. A cikin hanji ne tomatin ke juyewa ya zama tomatidin, shi kuma yana zaburar da mTOR. A 2015 aka ba tsofaffin ɓeraye sinadaran biyu wata 2. Kowanne ya ƙara musu nauyin tsoka da kimanin kashi 10 cikin 100, ingancin ƙarfinta kuma da kimanin kashi 30.

Da aka zo kan mutane sai labari ya canja. Wani ƙaramin gwaji a Koriya ta Kudu a 2014, da maza 16 masu ɗaga nauyi, ya nuna ƙarin ƙarfi ga waɗanda suka sha asid ursolik mako 8. Amma wani gwaji a Barazil, wanda aka buga a 2021, ya ba samari miligram 400 kullum har mako 8, tare da ɗaga nauyi da abinci mai yawan furotin, bai kuwa ga wani bambanci tsakanin masu shan sinadarin da masu shan ƙwayar da babu komai ba. Dukansu sun ƙaru, amma aiki da abinci ne suka ƙara su.

7.0 Alayyafon Turai da saɓar ƙwari

Ƙwaro ba ya girma sai ya yi saɓa, ya tuɓe tsohuwar fata. A 1954 Jamusawa biyu, Adolf Butenandt da Peter Karlson, suka ware sinadarin da ke sa wannan saɓa. Sai da suka tace kilo 500 na tsutsar alharini kafin su sami miligram 25. A 1966 Koji Nakanishi na Japan ya tarar da irin wannan sinadari a cikin tsiro. Hikimar a fili take: ƙwaron da ya ci ganyen sai saɓarsa ta rikice. Ɗaya daga cikin wannan dangi, ekdisteron, yana cikin ganyen da ake kira alayyafon Turai. Sunan na iya ruɗarwa, domin tsiron ba shi ne alayyafon da ake miya da shi a ƙasar Hausa ba, dangi ne kawai.

A faranti, ekdisteron yana kaurara zaren tsoka. Binciken Maria Kristina Parr a Balin ya nuna cewa ba ya bi ta ƙofar sinadarin maza, testosteron, wadda haramtattun magungunan ƴan wasa ke bi. Alamu sun nuna yana bi ne ta ɗaya daga cikin ƙofofin sinadarin mata, estirojin. A 2019 ita da abokan aikinta suka buga sakamakon gwaji da samari 46 da suka yi mako 10 suna ɗaga nauyi. Waɗanda suka sha ekdisteron sun fi sauran ƙarin tsoka da ƙarfin hannu. A 2020 hukumar yaƙi da shan magungunan ƙara kuzari a wasanni ta duniya, WADA, ta sa shi cikin jerin abubuwan da take sa wa ido, wanda jeri ne daban da na haramtattu.

Abu biyu suka fito daga wannan gwaji. Na ɗaya, masu binciken sun ƙiyasta cewa kafin mutum ya sami ƙaramin adadin da aka gwada daga ganye, yana iya buƙatar cin daga gram 250 har zuwa kilo 4 kullum, gwargwadon irin ganyen. Na biyu, ƙwayoyin da aka gwada na kasuwa ne, an rubuta a jikin kwalbar cewa kowace na da miligram 100, da aka auna sai aka sami kimanin 6.

8.0 Rumman da baƙin hanji

A cikin kowace ƙwayar tsoka akwai ƙananan murahu da ake kira maitokondiriya, inda ake ƙona abinci a sami makamashi. Da tsufa, lalatattun murahu suna taruwa, ƙwayar ta kasa share su. A 2016 ɗakin binciken Johan Auwerx a Lozan, ƙasar Suwizalan, ya nuna cewa wani sinadari mai suna urolitin A yana farfaɗo da wannan shara. Tsofaffin ɓerayen da aka ba shi sun fi takwarorinsu juriyar gudu da kimanin kashi 42 cikin 100.

Abin lura shi ne, babu urolitin A a cikin rumman. Abin da ke cikin rumman wani sinadari ne mai bauri, ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a hanjin mutum su ne ke juya shi. Ba kowa ke da waɗannan baƙi ba. Wani gwaji a Amurka ya tarar kimanin mutum 40 cikin 100 ne kawai jikinsu ya samar da shi da yawa bayan sun sha ruwan rumman. Wato mutum biyu na iya cin abu guda daga ƙwarya guda, abin da ya isa jininsu ya bambanta.

A 2022 aka buga gwajin da aka ba manya masu matsakaicin shekaru urolitin A zalla wata 4. Ƙarfin tsokar bayan cinya ya ƙaru da kimanin kashi 12 cikin 100, amma babban abin da aka shirya gwajin domin aunawa bai nuna bambanci ba, girman tsokar ma bai ƙaru ba. Kamfanin da ke sayar da sinadarin shi ya ɗauki nauyin gwajin, wannan kuwa dalili ne na jiran waɗansu da ba su da hannu a ciniki su maimaita shi.

9.0 Abin da ke tare hanya

Idan aka tattara misalan nan uku, za a ga cikas iri huɗu.

Na farko shi ne yawa. Abincin tsofaffin ɓerayen Ayowa yana ɗauke da asid ursolik kashi 0.27 cikin 100. In da za a sa wannan kaso a cikin rabin kilo na busasshen abinci, zai kai gram 1.35, alhali abin da ke ɓawon tuffa guda ɗan ƙaramin ɓangare ne na gram.

Na biyu shi ne tsotsa. A faranti, sinadari yana kwance kai tsaye a kan ƙwaya awa da awanni. A jiki kuwa sai ya ratsa ciki, ya ƙetare bangon hanji, ya wuce ta hanta, wadda aikinta shi ne canja baƙin sinadarai ta tura su waje. Asid ursolik ba ya narkewa a ruwa, saboda haka kaɗan ne ke shiga jini. Sinadarin da ke cikin kurkum ma haka yake: a faranti yana abin mamaki, a jinin mutum da ƙyar ake ganin sa.

Na uku shi ne bambancin halitta. Ɓeran gwaji yana rayuwa shekara 2 zuwa 3, a cikin keji, da abinci iri guda, kuma ɓerayen duk kusan gadonsu ɗaya. Mutane kuwa kowa da gadonsa, da cimarsa, da cututtukansa.

Na huɗu shi ne ƙarancin waɗanda aka gwada. Gwajin mutum 16 ko 46 na ƴan makonni yana iya nuna alama, amma dace kaɗai na iya haifar da irin wannan alama. Haka kuma yawancin waɗanda aka gwada samari ne masu lafiya, ba tsofaffi da majinyata da suka fi buƙata ba.

Kasuwa kuwa ba ta jiran a gama bincike. Da an buga labarin ɓera, sai kwalabe su fito. Wani ɗakin bincike a Kolon, ƙasar Jamus, ya sayi kayan ƙarin kuzari iri 634 daga ƙasashe 13 a shekarun 2000 da 2001. Ya tarar 94 daga ciki, kusan kashi 15 cikin 100, suna ɗauke da sinadarai dangin testosteron waɗanda ba a rubuta a jikin kwalba ba. Irin waɗannan suna iya taɓa hanta da zuciya da haihuwa. Rubuta kalmar tsiro a jikin kwalba ba shaida ba ce ta abin da ke ciki.

10.0 Kammalawa

An ga cewa sinadaran tsirrai suna iya taɓa ƙwayar tsoka ta hanyoyin da aka sani: asid ursolik yana ƙara mata jin saƙon gini, tomatidin yana zaburar da mTOR, ekdisteron yana bi ta wata ƙofa ta daban, urolitin A yana share lalatattun murahu. An tabbatar da wannan a faranti da kuma a ɓera. A jikin mutum, shaidar da ake da ita ƙarama ce, kuma tana karo da juna.

Abubuwa biyu da mTOR ke ji kai tsaye, wato nauyi da amino asid, su ne aka daɗe da tabbatarwa. A 1990 likita Maria Fiatarone ta sa tsofaffi 10 ƴan shekara wajen 90, mazauna wani gidan kula da tsofaffi a Bostan, suna ɗaga nauyi da ƙafa sau uku a mako. Bayan mako 8, ƙarfin waɗanda suka kammala ya ƙaru da kashi 174 cikin 100, kaurin tsokar cinyarsu kuma da kashi 9. Babu wani sinadarin tsiro da ya kusanci wannan a jikin mutum.

Game da abinci, baligi yana buƙatar kimanin gram 0.8 na furotin a kowane kilo na nauyinsa kullum, masana kuma suna ba tsofaffi shawarar gram 1 zuwa 1.2. Tsoho mai kilo 60 ke nan yana buƙatar gram 60 zuwa 72. A nan tsirrai suna da rawar da babu gardama a kanta. Busasshen wake da gyaɗa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu furotin ne, ƙuli-ƙuli ya fi haka tun da an matse mai. Gero da dawa suna da ƙarancin wani amino asid mai suna lisin, wake kuwa yana da shi, don haka haɗa hatsi da wake a kwano guda yana cike giɓin. Nono, da ƙwai, da kifi, da nama suna ƙara lusin. Tsohon da aka bari da kunu zalla, aka kuma hana shi motsi don tausayi, an rage masa yaɓe ne aka bar shi da zaizaya. Mai jinya da ya samu izinin likita ya tashe shi zaune, ya kama shi ya taka zuwa bakin ƙofa ya dawo, ya sa masa wake ko nono a abinci, yana yin abin da bincike ya riga ya tabbatar, tun kafin a san ko ɓawon tuffa zai zama magani.